Hantar Kifin Duhu

Tasalla ta aiko mini hoto daga bakin teku,
ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin Madarunfa ba.
Kifi ne kwance kan teburin ƙarfe,
baƙi, fatarsa da kaushi kamar dutsen niƙa,
idonsa kore shar, buɗe, bai san ya mutu ba.
Ta ce shak ake ce masa.
Ta ce inda yake kwana,
ko igiyar guga ɗari aka ƙulla a jere
ba ta taɓo bayansa.
Can ko labarin rana ba a ji.

Na ce, to, wannan ya huta da ɗan Adam.

Ta yi shiru har na zaci kati ya ƙare.
Ta ce, Baba, da hannuna na tsaga hantarsa,
na busar, na niƙa, na ba na'ura ta karanta.
Akwai zaiba a ciki. Akwai dalma.
Akwai waɗansu da ba su da suna a bakinmu.

Dalma!
Shekara talatin da ɗaya ina fasa batiran manyan motoci
a lungunmu na Bagalam,
in tuttular da ruwan a kwata,
in narka sauran a kasko har ya yi ido.
Masunta na saye su rataya wa birgi.
Da kuɗinta na saya miki littafi da alƙalami,
da kuɗinta kika hau motar Yamai,
daga can kika wuce inda ƙasa ta ƙare.

Ta ce abin a hankali yake tafiya.
Ƙwaron ruwa ya sha,
ɗan kifi ya ci ƙwaro,
babba ya haɗiye ɗan kifi da bashin da ke cikinsa.
Ba mai amayarwa.
Shi kuwa na ƙasan nan, mai tsawon rai,
asusu ne da ba a fasawa:
kowace loma anini,
har hanta ta yi nauyi.

Daren nan na kasa barci, na bi ruwa da tunani.
Kwatarmu ta miƙa wa Gulbi in damina ta kankama,
Gulbi ya ratsa gonakin taba da rogo ya miƙa wa Rima,
Rima ta kai wa Kwara,
Kwara ba ta riƙe amana, ta zube wa teku.
Da safe na tambaye ta, tawa ce?
Ta ce, ba taka kaɗai ba, Baba.
Hayaƙin duniya duka can yake sauka.
Ban san ko lallashi ba ne.

Sai ta ce, in wanzami ya zo,
kada a share sumar.
A haɗa da farce, a ƙunshe, a ba direba.

Mu da muka tashi ana binne suma a gindin katanga
don tsoron mugun hannu!
Ban yi gardama ba.
Na san yadda ludayi ke kaɗawa a hannuna kafin ya kai baki,
na san murɗar cikin da jiƙo ya kasa,
na ga Nomau, yarona na aiki,
ya tsaya tsakar kasuwa ya manta abin da aka aike shi.

Jiya Ɗan Tambai ya yi mini aski.
Na tsince furfurata daga tabarma ɗaya-ɗaya,
na naɗe a takardar siminti.
Ba ta kai nauyin fara ba.

Da la'asar na hura gawayi, don tukunya ba ta jiran sakamako.
Na kori jikoki zuwa gidan maƙwabta.
Dalma ta narke, ta yi fata, na yaye,
ƙarƙashinta wani haske mai sanyi ya dube ni,
irin na idon nan.